Hanyoyin Tare Zogin Ciwon Daji Idan Maganin Sha Ya Gaza

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce yin bayani a kan waɗansu hanyoyi da likitoci ke bi don kwantar da zogin ciwon daji a lokacin da ƙwayoyi da allurai na yau da kullum suka kasa. Hanyoyin nan duk sun yi tarayya a abu guda, wato ana kai allura ko bututu ko wani siririn ƙarfe har wurin da saƙon zogi yake bi zuwa ƙwaƙwalwa, a tare shi a can. Za mu fi tsayawa a kan waɗanda muke ganin asibitocinmu za su iya ɗauka, sauran kuwa mu ambace su a gurguje.

Kafin mu shiga, akwai matsalar kalma da ya kamata mu warware. Bahaushe yana kiran hanyar jini jijiya, yana kiran agara jijiya, yana kuma kiran zaren da ke ɗaukar saƙon ji jijiya. A wannan takarda duk inda muka ce jijiya kawai, ta ukun muke nufi. In ta jini ce za mu ambata. Laka kuwa ita ce igiyar nan da ta sauko daga ƙwaƙwalwa ta ratsa cikin ƙashin baya, tana iyo a cikin wani ruwa garau da za mu riƙa kira ruwan laka.

A shekarar 1986 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da tsarin nan da aka fi sani da tsani mai hawa uku. A hawa na farko ana ba mara lafiya magani mai sauƙi kamar farasitamol, a na biyu a ƙara masa mai ɗan ƙarfi irin kodin, a na uku a ba shi mofin. Sharaɗin shi ne a sha ta baki, a kan lokaci, ba sai ciwo ya tashi ba. In an bi tsarin yadda ya kamata, galibin marasa lafiya suna samun sauƙi, an sha ƙiyasta su da kashi 70 zuwa 90 cikin ɗari. Sauran da suka rage su ne abin maganarmu. Daga cikinsu akwai wanda mofin bai taɓa ciwonsa ba ko an ninka, akwai kuma wanda ya taɓa, amma ya bar shi da amai da taurin bayan gida da magagi, har ba ya gane masu zuwa gaishe shi. Wannan na biyun ma bai sami sauƙi ba, an dai musanya masa wata azaba da wata.

2.0 Kashe Tarin Jijiyoyin Ciki

Kayan ciki ba sa aika saƙon zogi yadda fata ke yi. Jijiyoyin da suka fito daga tumbi da hanta da matsarmama da saifa da fankiriyas, wato gaɓar nan da ke kwance a bayan tumbi tana fitar da insulin, da kuma babban sashe na hanji, duk sukan hallara a mahaɗa guda kafin su shiga laka. Mahaɗar nan, wadda likitoci ke kira siliyak, tana gaban babbar jijiyar jinin da ta sauko daga zuciya, daidai inda ƙashin baya na ƙirji na 12 ya haɗu da na farkon kwankwaso. Tun da hanya ɗaya ce, wanda ya tare ta ya tare saƙon gaɓoɓi da yawa a lokaci guda.

Wani likitan fiɗa Bajamushe, Max Kappis, shi ya fara bayyana yadda za a kai allura wannan yanki ta baya a shekarar 1914. Shi don kashe zafin fiɗa ya yi, daga bisani aka gane amfaninta ga masu ciwon daji. Yadda ake yi a yau shi ne a kwantar da mara lafiya rub da ciki, a soka doguwar allura mai kimanin santimita 15 a ƙasan haƙarƙari na ƙarshe, ana kallon tafiyarta a hoton eksire ko na CT, har bakinta ya tsaya kusa da mahaɗar. Sai a zuba ɗan ruwa mai fitowa a hoto don a tabbata ba a cikin jijiyar jini ake ba. Daga nan a sa maganin kashe zafi, irin wanda ake yi wa mai ɗinki, sannan a biyo da tsantsar barasa ta asibiti, mililita 20 zuwa 40, ko kuma finol. Barasar tana busar da jijiyoyin, ta narkar da kitsen da ya lulluɓe su, saƙo ya daina wucewa. Dalilin gabatar da maganin kashe zafi kuwa shi ne barasar tana da ƙuna ƙwarai a mintocin farko. A shekarar 1996 Wiersema ya bayyana wata hanyar, wadda ake zura bututu mai na'urar hoto ta baki har tumbi, a huda bangon tumbin ta baya, a iske mahaɗar nan kusa. Likitan fiɗa ma da ya buɗe ciki ya tarar ƙarin ya wuce cirewa yana iya zuba barasar da hannunsa kafin ya ɗinke. Lillemoe da abokan aikinsa a asibitin Johns Hopkins na Amurka sun gwada haka a 1993, suka ga waɗanda aka zuba wa barasa sun fi waɗanda aka zuba wa ruwan gishiri samun sauƙi. Wannan hanya ta ƙarshe ba ta bukatar wata na'ura, kuma a ganinmu ba a yi amfani da ita yadda ta cancanta ba.

Me mara lafiya zai sa rai da shi? A nan ya kamata mu yi adalci. Binciken da Wong da abokansa suka yi a asibitin Mayo, wanda aka buga a 2004, a kan mutum 100 masu ciwon dajin fankiriyas, ya nuna aikin ya rage zogi fiye da magani kaɗai, amma bai ƙara wa kowa kwana ba. Kuma jijiyar da aka kashe takan sake tofowa, saboda haka sauƙin yakan ɗauki watanni biyu zuwa huɗu, wani lokaci fiye. Mai lafiya zai raina wata uku. Ga mutumin da ya shafe makonni yana kwana a zaune, ya dunƙule gwiwa a ƙirji domin kwanciya rigingine tana tayar masa da ciwo, wata uku na barci da ɗan cin abinci da yin sallama da iyali cikin hayyaci ba ƙaramin abu ba ne.

Illolin aikin suna da dalilin da za a iya fahimta. Jijiyoyin da aka kashe su ne kuma ke matse hanyoyin jinin ciki. Da sun saki, sai jini ya taru a can, bugunsa ya faɗi, mutum ya ji jiri in ya miƙe. Don haka ake ɗaura ruwa kafin a fara, a kuma hana shi tashi farat ɗaya a ranar farko. Su ne kuma ke rage wa hanji gudu, shi ya sa zawo yakan biyo baya na 'yan kwanaki, abin da wanda mofin ya ɗaure wa ciki yakan karɓa da murna. Illar da ake tsoro ita ce shanyewar ƙafafu, in barasar ta taɓa jijiyar jinin da ke shayar da ƙasan laka. Ba kasafai take faruwa ba, amma tana faruwa, kuma wajibi ne a faɗa wa mara lafiya kafin ya amince.

Akwai wani abu da ba a cika rubuta shi a littattafan Turai ba, mu kuwa ba mu da makawa sai mun fuskance shi. Da an ambaci barasa, dangi sukan ja da baya. Bai dace likita ya ɓoye sunan abin ba, bai kuma dace ya mai da kansa mai ba da fatawa ba. Abin da ke kansa shi ne ya bayyana gaskiyar aikin: ba sha ake yi ba, ba don maye ba ne, ɗangin sifirit ne da ake goge fata da shi kafin allura, ana kai shi ne kan jijiya don ya kashe ta. In sun so su tuntuɓi malaminsu a ba su lokaci, in kuma hankalinsu bai kwanta ba akwai finol.

Mahaɗa ta biyu tana ƙasa, a gaban ƙashin kwankwaso na 5 inda ya hau kan ƙashin ƙugu, sunanta haifogastirik. Ita ke karɓar saƙon mahaifa da bakinta, da mafitsara, da ƙarshen hanji. Ricardo Plancarte na cibiyar ciwon daji ta birnin Meziko ya bayyana yadda ake kashe ta da finol a shekarar 1990, a wannan shekara kuma ya bayyana ta uku, wata 'yar ƙaramar mahaɗa a gaban ƙashin wutsiya, mai ɗaukar zogin dubura da matse-matsi. Ba abin mamaki ba ne da dabarar ta fito daga ƙasar da ciwon dajin bakin mahaifa ya yi yawa. Halin da muke ciki ke nan: bayan na nono, shi ne ciwon dajin da ya fi kama mata a Nijeriya, kuma da yawa ba sa isowa asibiti sai ya yi nisa. Sai dai a lura, aikin nan yana tare zogin kayan ciki ne kawai. In ƙarin ya riga ya ci bangon ƙugu ko ya danne jijiyoyin ƙafa, wannan zogin ta wata hanya yake bi, kashe mahaɗar ba zai taɓa shi ba. Likitan da bai zauna ya saurari yadda mace ke siffanta ciwonta ba, ko murɗa ne a mara ko kuwa tsinkau ne mai sauka cinya, zai yi aiki mai kyau a wurin da ba nan ciwon yake ba.

3.0 Aiki a Kan Laka

3.1 Barasa da finol a ruwan laka

Kowace jijiya tana manne da laka ta saiwa biyu, ta baya mai kawo ji, ta gaba mai kai umarnin motsi. A 1931 Dogliotti, wani likita a Italiya, ya yi tunanin kashe ta baya a bar ta gaba. Dabararsa ta dogara ne a kan nauyi. Barasa ta fi ruwan laka sauƙi, tana tasowa sama kamar mai a kan ruwa, saboda haka sai a kwantar da mutum gefen da ke ciwo yana sama, a ɗan kifa shi gaba, yadda saiwar baya za ta zama ita ce ƙololuwa, a ɗiga barasar kaɗan kaɗan. A 1955 Maher a Ingila ya kawo finol da aka dama da gilisarin, wanda ya fi ruwan laka nauyi yana nutsewa. Da shi gefen ciwo ake sa wa ƙasa. Wanda ya rikita waɗannan biyu ya kashe lafiyayyen gefe.

Aiki ne mai arha, allura ɗaya da ɗan magani, amma finol ba ya tantance jijiya. In ya gangara ya taɓa masu riƙe fitsari da bayan gida, ko masu motsa ƙafa, an yi ɓarna. Shi ya sa aka fi yin sa ga zogin haƙarƙari, inda babu ƙafa ko hannu a kusa, ko ga mai zogin matse-matsi wanda tuni an fitar masa da hanyar bayan gida ta ciki, aka kuma sa masa robar fitsari, wato ba shi da sauran abin da zai rasa ta wannan fuska.

3.2 Kodotomi

Zaren da ke ɗaukar zogi, da ya shiga laka, yakan tsallaka zuwa ɗaya gefen kafin ya hau. Ciwon ƙafar dama ta gefen hagu na laka yake hawa. Spiller da Martin na birnin Filadelfiya sun ba da rahoto a 1912 cewa sun yanke wannan hanya da wuƙa, zogi ya tafi, motsi da jin taɓi suka saura. Mullan ya mai da aikin na allura a 1963, Rosomoff kuma ya kawo ƙuna da wutar lantarki a 1965, yadda ake yi ke nan har yau. Ana shiga ta gefen wuya, tsakanin ƙashi na farko da na biyu, mara lafiya yana farke. Sai a saki 'yar wuta kaɗan a tambaye shi abin da ya ji; in ya ce ɗumi ko sanyi a ɗaya gefen jikinsa, an san ƙarfen yana daidai, sai a ƙona wurin. Ya fi dacewa da zogin gefe ɗaya daga kafaɗa zuwa ƙasa, kamar na ciwon dajin tantanin huhu, ko ƙarin da ya cinye jijiyoyin ƙafa ɗaya. Yin sa a gefe biyu a wuya yana da haɗari, domin hanyar numfashin da ba na ganganci ba tana nan kusa, mutum yana iya daina numfashi cikin barci. Kuma hanyar zogi ita ce hanyar jin zafi da sanyi. Wanda aka yi wa aikin zai iya tsoma ƙafa a tafasasshen ruwa, ko ya jingina da kaskon garwashi da hunturu, bai sani ba sai an ji ƙauri. Wannan gargaɗi ga masu jinya za a yi shi, a maimaita.

3.3 Mofin kai tsaye

Duk hanyoyin da muka ambata lalata jijiya suke yi. A 1973 Pert da Snyder suka gano wuraren da mofin ke kamawa a jikin ƙwayoyin jijiya, a 1976 Yaksh da Rudy suka nuna a jikin ɓeraye cewa in an ɗiga shi a kan laka kawai yana kashe zogi. A 1979 Wang da abokansa a asibitin Mayo suka gwada a kan masu ciwon daji su 8. Lissafin da ake koyarwa shi ne miligiram 300 na mofin ta baki daidai yake da kimanin 100 ta jijiyar jini, da 10 a wajen rigar laka, da 1 tak a cikin ruwan laka. Da ɗan wannan adadi, abin da ke kai wa ƙwaƙwalwa da hanji ya ragu, magagi da taurin ciki su yi sauƙi. Daga 1981 aka fara dasa ɗan famfo a ƙarƙashin fatar ciki, da siririn bututu zuwa ruwan laka, ana cika shi da allura duk wata ɗaya zuwa uku. Binciken Smith na 2002, mai mutum kimanin 200, ya nuna masu famfon sun fi samun sauƙi da ƙarancin illa.

Hanya ce mai kyau a inda aka ƙirƙire ta. A wurinmu kuwa muna da ja. Kuɗin famfon ya fi ƙarfin kusan kowane gida, kuma ko an sami mai saye, wa zai cika shi in mara lafiya ya koma ƙauye, tafiyar yini daga asibitin koyarwa? Famfon da ya ƙafe ba a sani ba yana jefa mutum cikin azaba biyu, ta ciwon da ta yankewar mofin, bututun da datti ya shiga kuma sanƙarau yake kawowa. Abin da zai yiwu shi ne bututu na wucin gadi ga wanda ke kwance a asibiti, kwanakinsa sun ƙarato.

4.0 Ƙashi

A nan ba za mu daɗe ba. Ciwon dajin nono da na mafitsarar maza sun fi son yaɗuwa zuwa ƙashi, kuma maganin farko shi ne gashi da na'ura, wanda sau da yawa zama ɗaya mai awo 8 yakan wadatar, ba sai an yi ta jeka-ka-dawo ba. In ƙashin baya ya rurruɓe yana motsi, ana iya cusa masa simintin ƙashi ta allura ya daskare, dabarar da Galibert da Deramond suka fara a garin Amiens na Faransa a 1984. Haɗarinta shi ne simintin ya tsiyaya ya danne laka.

5.0 Wa Za a Yi Wa, Kuma Yaushe

An saba kiran waɗannan ayyuka hawa na huɗu na tsanin, wato sai komai ya gaza. Mu muna ganin wannan suna ya cuci mutane da yawa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Mutumin da aka jira har ya rame ya zama ƙashi da fata ba zai iya kwanciya rub da ciki na rabin sa'a ba. In hantarsa ta lalace jininsa ba ya daskarewa, ba mai iya soka masa doguwar allura kusa da babbar jijiyar jini. Ƙarin da ya girma kuma yakan toshe wurin da barasar za ta bazu. Wyse da abokansa a Kanada sun nuna a 2011 cewa kashe mahaɗar siliyak tun ranar da aka tabbatar da ciwon ya fi rage zogi bayan wata uku. Jinkirin nan ba daga likitoci kaɗai yake ba. Tarbiyyarmu ta yabi dauriya, dattijo yana jin kunyar ya yi raki a gaban 'ya'yansa, matar da aka tambaya yaya jiki za ta ce da sauƙi ko da ba ta runtsa ba. Gara a tambaye ta sau nawa ta farka jiya, ko tana iya ruku'u, ko a zaune take salla.

Ta ɗaya ɓangaren kuma, kada a ɗauka allura za ta maye gurbin mofin. Rahoton kwamitin mujallar Lancet na 2017 ya nuna rabin mutanen duniya da ke ƙasashe matalauta ba sa samun ko kashi 1 cikin ɗari na mofin ɗin da ake rarrabawa. A Nijeriya matsalar shaye-shaye, wadda ta kai ga hana maganin tari mai kodin a 2018, ta ƙara wa ma'aikata da dangi tsoron duk wani magani mai ƙarfi. Yuganda ta nuna akwai mafita: Anne Merriman ta kafa aikin kula da masu ciwon ajali a can a 1993 a kan ruwan mofin na sha mai arha, a 2004 kuma aka yarje wa nas-nas da suka sami horo su rubuta shi. Mutumin da bai taɓa samun mofin yadda ya kamata ba, ba za a ce magani ya gaza a kansa ba, kuma kai shi ɗakin allura kafin a gwada wannan kuskure ne. Haka nan Cicely Saunders, wadda ta buɗe gidan jinya na St Christopher's a Landan a 1967, ta koyar cewa zogin mai ciwon ajali ya haɗa da tsoro da bashi da tunanin marayun da zai bari. Babu allurar da ke isa can.

Saura abu guda da ake yawan mantawa, wato daren farko bayan aikin. Zogi da kansa yana tayar da numfashi, yana yaƙar barcin da mofin ke sawa. Da an tare zogin, adadin mofin da mutum ya sha jiya lafiya lau yana iya yi masa yawa yau, ya yi nauyin barci, numfashinsa ya ja baya. Saboda haka a rage adadin tun a ranar, nas ta riƙa ƙirga numfashinsa cikin dare. Amma kada a yanke gaba ɗaya, domin jikin da ya saba zai amsa da gumi da hamma da murɗar ciki da zawo, dangi su zaci aikin ne ya ɓaci. A riƙa ragewa sannu a hankali cikin kwanaki, a rubuta wa mai jinya adadin kowace rana a takarda da Hausa ko da ajami, duk wanda ya fi iya karantawa, tare da ranar da za su dawo.